Me ya hana jiragen Rasha mallake sararin samaniyar Yukren?

"Assalamu alaikum Baba. Tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren nake bin labarinsa a rediyo da waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kullum ana cewa in ka cire Amurka babu mai ƙarfin jiragen yaƙi kamar Rasha, amma har yau ban ji jiragenta suna shawagi a kan Kyiv yadda na Amurka suka yi a kan Bagadaza ba. Sannan an yi ta kururuta cewa da zarar F-16 sun iso labari zai sha bamban, ga shi sun iso, shiru kake ji. Shin jirgin yaƙi ya daina amfani ne, ko akwai abin da ba a gaya mana?" (Wani mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗana. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: yadda aka yi mai jiragen yaƙi sama da dubu ya kasa danne wanda nasa ba su kai 150 ba, dalilin da ya sa F-16 bai juya akalar yaƙin ba, da kuma ko zamanin jirgi mai matuƙi ya wuce ke nan. Bari ka fara sanin inda nake tsaye. Ni ban taɓa tuƙa jirgi ba. Shekarun da na yi cikin kaki a ƙasa na yi su, ƙarƙashin fuka-fuki, sifana a hannu, baƙin mai a riga, ina cikin masu sa hannu a takarda cewa jirgi kaza ya isa tashi. Dabarun artabu a sama daga bakin matuƙa da karatu na tsince su. Abin da ke sa jirgi ya tashi ko ya kwana a rumfa kuwa, wannan gonata ce.

Abin da ka gani a kan Bagadaza

Shawagin nan da kake tunawa sai da aka biya kuɗinsa tukuna. A 1991 Amurka da ƙawayenta sun fara ruwan wuta a kan Iraƙi ranar 17 ga Janairu, amma babban farmakin ƙasa bai fara ba sai 24 ga Fabrairu. Sama da makonni biyar jirage ne ke aiki, kuma aikin kwanakin farko shi ne makantar da Saddam: a farfasa na'urorin hango jirage, wato rada, a katse hanyoyin da ke haɗa su da hedikwata, a rushe wuraren harba makaman kakkaɓo jirage. Amurka tana da matuƙan da ba su da wata sana'a sai wannan farautar. Ɗaya zai yi ta gilmawa da gangan don ya ja hankalin mai rada. Mai rada yana kunna na'urarsa sai a sako masa makamin HARM, wanda ke bin sawun siginar har inda ta fito. Bayan 'yan kwanaki, sojan Iraƙi ya gane cewa kunna rada daidai yake da haƙa kabarinsa, sai ya bar ta a kashe. Daga nan ne sama ta zama ta Amurka.

Shekara takwas bayan haka Sabiyawa suka nuna maganin wannan farauta. A 1999 NATO ta kwashe kwana 78 tana yi musu luguden wuta, amma masu radarsu ba sa kunna na'ura sai na 'yan daƙiƙu, su kashe, su naɗe kaya su sauya wuri. Da tsohon makamin Sobiyet samfurin S-125 suka kakkaɓo F-117, jirgin da aka ce rada ba ta ganinsa, ranar 27 ga Maris na shekarar. Ka riƙe wannan, domin shi ne karatun da Yukren ta haddace.

Makonnin farko na 2022

Yukren ta gaji makaman kakkaɓo jirage masu yawan gaske daga Tarayyar Sobiyet, musamman S-300 mai dogon zango da Buk mai matsakaicin zango, wanda ke tafiya a kan sarƙa kamar tanka. Da asubahin 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta harba makamai masu linzami kan filayen jirage da tashoshin rada waɗanda ta daɗe da sa wa alama a taswira. Da yawansu sun faɗa ne a kan wuraren da aka riga aka kwashe kaya. Jirage sun tashi zuwa wasu filaye, motocin makamai sun shige dazuzzuka. Duk da haka kwanakin farko sun yi wa Yukren zafi ƙwarai, domin Rasha ta toshe siginar na'urorinta, kuma jiragen Rasha sun kutsa cikin ƙasar da nisa. Matuƙan Yukren suka tare su da tsofaffin MiG-29 da Su-27, an yi kare jini biri jini, kuma Yukren ce ta fi asara a irin wannan gaba-da-gaban. Labarin nan na "Fatalwar Kyiv", matuƙin da aka ce shi kaɗai ya kakkaɓo jirage barkatai, rundunar saman Yukren da kanta ta amsa daga baya cewa ƙirƙira ce. Ina faɗa maka ne don ka san kowane ɓangare yana zuba gishiri a lissafinsa.

A ranar farkon ne kuma jirage masu saukar ungulu suka sauke sojojin lema a filin jirgin Hostomel, a gefen Kyiv ta arewa maso yamma. Nufin shi ne a kama filin, manyan jiragen dakon kaya samfurin Il-76 su sauko da dakaru, a shiga babban birni kafin gwamnati ta farga. Sojojin Yukren suka buɗe wa titin jirgin wuta da manyan bindigogi har ya zama ba ya saukuwa. A nan ne aka ƙona An-225, jirgin dakon kaya mafi girma a duniya, yana tsaye a rumfarsa. Duk wanda ya yi aikin jirgi ya ji wannan a ransa.

Kafin tsakiyar Maris, S-300 da Buk sun dawo aiki, suna wasan kunna-kashe irin na Sabiyawa. Nan matuƙin Rasha ya shiga rana zafi inuwa ƙuna. In ya yi sama, Buk yana jiransa. In ya yi ƙasa-ƙasa don ya ɓuya wa rada, ya shigo hannun sojan da ke laɓe a gindin bishiya da makamin kafaɗa, Igla ko Stinger ko Piorun na ƙasar Poland, wanda ke bin zafin inji. Dalilin ɓuyan ƙasa-ƙasa kuwa lanƙwasar duniya ce. Rada tana gani ne a miƙe, kamar hasken tocila. Jirgin da ke tafe mita 30 kacal daga ƙasa, radar da ke kan mota ba za ta hango shi ba sai ya matso kamar kilomita 35 ko 40. Su-25 da Su-34 da jirage masu saukar ungulu suka yi ta faɗuwa a wancan watan, kuma daga Afrilu Rasha ta daina aika jirage masu matuƙi cikin tsakiyar Yukren. Har yau ba ta koma ba.

Me ya sa Rasha ba ta yi irin farautar Amurka ba?

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce ba ta taɓa koyon sana'ar ba. Tun zamanin Sobiyet, hafsoshin Mosko sun ɗauka cewa in yaƙi ya ɓarke da NATO, Turawan yamma za su fi su ƙarfi a sama. Saboda haka suka zuba dukiyarsu a makaman hana jirgi sakat, jirgin yaƙi kuwa suka ɗauke shi kamar igwa mai fuka-fuki, ɗan aiken kwamandan ƙasa. Yukren ma 'yar makarantar nan ce. Ka ga an haɗa ɗalibai biyu na malami ɗaya, kowannensu ya ƙware a rufe ƙofa, babu wanda aka koya wa ɓalle ta.

Farautar rada tana bukatar jirage da dama su tashi tare, kowane rukuni da aikinsa: masu toshe sigina, masu jan hankali, masu harbi, masu gadi, ga jirgin ba da mai a sama, ga wanda ke hango fili duka yana ba da umarni. Wannan sai da atisaye na shekaru. Masana sun ƙiyasta matuƙin Rasha yana samun wajen sa'o'i 100 na tashi a shekara kafin yaƙin, alhali ma'aunin NATO 180 ne. Rasha tana da makamin bin rada nata, Kh-31P, kuma tana harba shi, amma jefi-jefi, jirgi ɗaya ko biyu. Kuma ko ta hango inda Buk yake, kafin labari ya hau sama umarni ya sauko, motar ta daɗe da barin wurin.

Siriya ma ta ruɗi mutane. Daga Satumbar 2015 jiragen Rasha suka riƙa tashi daga sansanin Hmeimim suna zuba bama-bamai, aka ɗauka ƙwarewa ce. Amma waɗanda ake jefa wa bam a Halab da Idlib ba su da S-300 ko Buk. Wanda ya saba farautar zomo, ranar da ya haɗu da ɓauna sai ya ga bambanci.

Jifa daga bayan katanga

Kada ka ɗauka jiragen Rasha sun zauna. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Abin da ya fi cutar da sojan Yukren a bakin daga shi ne bam mai fuka-fuki. Rasha tana da tulin tsofaffin bama-bamai na zamanin Sobiyet, FAB-250 da FAB-500 da FAB-1500, lambar tana nuna nauyinsu a kilo. Daga farkon 2023 ta fara ɗaura musu wani ƙarfe mai suna UMPK, mai fuka-fukan da ke buɗewa bayan an saki bam, da na'urar da ke karɓar jagora daga tauraron ɗan'adam. Su-34 zai hau sama can a ɓangaren Rasha, ya saki bam ɗin, ya juya gida. Bam ya yi ta lulawa kilomita 60 zuwa 70, ba inji, ba hayaƙi, ba zafin da makamin kafaɗa zai bi. Tan ɗaya da rabi in ya sauka a kan bene ko ramin ɓuya, babu sauran zance. Da irin waɗannan aka daddake garin Avdiivka har ya faɗi a Fabrairun 2024, daidai lokacin da tallafin Amurka ya maƙale a majalisa, makaman kakkaɓo jirage suka yi ƙaranci. Maganinsa na gaskiya shi ne a harbo jirgin kafin ya saki kaya. Yukren ta sha lallaɓawa da Patriot, makamin kakkaɓo jirage na Amurka, kusa da bakin daga ta yi kwanton ɓauna, kuma ta samu sa'a wasu lokuta, amma kai irin wannan kadara inda jirgin leƙen asiri zai gan ta caca ce babba. Abin da ya rage shi ne toshe siginar tauraron ɗan'adam don bam ya kauce, Rasha kuma tana ƙara wa bam ɗin eriya mai jure toshiya, ana ta yi.

Jirage masu saukar ungulu ma sun taka rawa. A Yunin 2023, da Yukren ta ƙaddamar da farmakinta a Zaporizhzhia, Ka-52 sun riƙa leƙowa daga bayan bishiyoyi suna harbin tankokin Leopard da motocin Bradley da suka maƙale a filin nakiyoyi, daga nisan da makamin kafaɗa ba ya kaiwa. Sai a Oktoba, da Amurka ta ba da makamai masu linzami na ATACMS aka daki filayen jirage na Berdiansk da Luhansk, sannan aka tura su baya.

Sai kuma yaƙin dare a kan birane. Manyan jiragen Tu-95 suna harba makamai masu linzami daga can cikin Rasha ba tare da sun kusanci iyaka ba, MiG-31 yana ɗauko Kinzhal, daga ƙasa ana harba Iskander, duka biyun makamai ne masu linzami masu tsananin gudu. Tun 10 ga Oktoba 2022, kwana biyu bayan fashewar gadar Kirimiya, tashoshin wutar lantarki suka zama abin hari, don a bar mutane cikin duhu da sanyin hunturu. Amma abin da ya sauya lissafi shi ne Shahed-136, jirgi mara matuƙi ƙirar Iran wanda Rasha ke kira Geran-2. Ba wani abin a zo a gani ba ne: farfela a baya, gudu wajen kilomita 180 a sa'a, bam na kilo 50 ko fiye a hanci, ƙara kamar ta tsohon babur, har mutanen Yukren suna kiransa da sunan babur ɗin. Yanzu a Alabuga da ke Tatarstan ake ƙera shi da yawa. Af, tun da zancen ya zo: an ruwaito 'yan mata daga ƙasashen Afirka da aka ja da tallan karatu da aiki sun tsinci kansu suna haɗa waɗannan jirage a can, wurin da Yukren ke kai wa hari. In ka ga irin tallan nan a waya, ka ja kunnen ƙannenka.

Yi lissafin da kanka. Makamin Patriot guda ɗaya samfurin PAC-3 yana kai wajen dala miliyan 4, kuma kamfanin da ke yin sa bai fi 500 da 'yan kai ya ƙera a 2024 ba, ga ƙasashe da yawa a layi. Shahed kuwa dubunnan daloli ne 'yan gomiya. A daren 7 ga Satumba 2025 kaɗai Rasha ta sako jirage marasa matuƙi sama da 800, wasunsu na bogi ne, katako da soso, an yi su don a ɓata makaman kariya. Babu ƙasar da za ta iya tare wannan da Patriot. Dole a ajiye Patriot don Kinzhal da Iskander, waɗanda kusan babu mai iya tare su sai shi, kamar yadda ya fara nunawa a kan Kyiv ranar 4 ga Mayu 2023. Shahed kuwa aka koma masa da tsohuwar zuma. Gepard, motar Jamus mai bindiga biyu wadda sojojin Jamus ɗin suka riga suka yi wa ritaya, ta zama abin nema ido rufe. Aka kafa rukunonin 'yan a-kori-kura da babbar bindiga da fitila mai haske, aka dasa dubban na'urorin sauraro a kan turaku suna jiyo ƙarar babur suna aika labari. Da Rasha ta ga haka ta ɗaga Shahed sama inda harsashi ba ya kaiwa, Yukren kuma ta fito da ƙananan jirage marasa matuƙi masu bin sa su yi karo da shi. Yaƙin sama a yau ya fi kama da gasar masana'antu, wa zai riga wani ƙarewa.

Zancen F-16

Nan ne gonata, bari in ɗan zauna. Holan ta yi alkawarin jirgi 24, Denmak 19, Norway da Beljiyam ma suka shiga layi, kuma Shugaba Zelensky ya nuna na farko ranar 4 ga Agusta 2024, bayan shekara biyu da rabi ana yaƙi. Jiragen nan an ƙera su ne tun wajen shekarun 1980, aka sabunta musu na'urori daga baya. Sun fi MiG-29 rada da makamai, babu musu. Makamin MiG-29 sai matuƙi ya ci gaba da fuskantar abokin gaba yana haska shi da rada har makamin ya isa, shi kuwa AMRAAM na F-16 yana da 'yar radarsa, ka harba ka juya. Amma a ɗaya gefen akwai S-400, makamin kakkaɓo jirage na Rasha mai dogon zango, akwai Su-35 da MiG-31 da ke sintiri can sama a cikin yankinsu ɗauke da R-37M mai cin fiye da kilomita 200. F-16 in zai kusanci bakin daga dole shi ma ya yi ƙasa-ƙasa, makamin da aka harba daga ƙasa-ƙasa kuwa zangonsa yana raguwa sosai, domin sai ya hau tudu cikin iska mai kauri. Katangar da ta hana Rasha shiga ita ce ta hana F-16 fita.

Sannan jirgi ba mota ba ne da za a miƙa maka makulli. Kowace safiya, kafin jirgin farko ya tashi, mukan jeru kafaɗa da kafaɗa, daga kurtu har ofisa, mu taka titin jirgi a hankali, kai a sunkuye, muna tsintar tsakuwa, ƙusa, guntun waya, murfin kwalba. Baƙo ya gan mu sai ya ce allura ce ta ɓace mana. Na taɓa ganin injin da ya haɗiyi noti guda wanda bai kai kan ɗan yatsa ba. Da muka haska tocila cikin bakinsa, ruwan farfelar duk sun yi kaca-kaca kamar haƙoran tsohon zarto. Wata huɗu jirgin nan ya yi a rumfa yana jiran inji. To, MiG-29 an yi shi ne don filin da ba a share ba: yana da ƙofofin da ke rufe bakin inji idan yana gudu a ƙasa, ya riƙa shaƙar iska ta wasu tagogi a saman kafaɗarsa. F-16 baki ɗaya gare shi, a ƙarƙashin ciki, dab da ƙasa, duk abin da ya tarar zuƙewa yake. Rundunar saman Yukren kuwa da yawo ta tsira, a tashi daga wannan fili a sauka a wancan, kada Iskander ya same ka inda ka kwana jiya. Yanzu ka ba ta jirgin da ke son titi mai santsi, da kayan gwaji na musamman, da makanikan da suka yi watanni suna koyo cikin Turanci. A bayan kowane matuƙi ɗaya akwai mutum goma ko fiye da ba a ɗaukar hotonsu, kuma in an ce ƙasa tana da jirgi 20, mu da muka yi aikin mun san ba 20 ne za su tashi gobe da safe ba.

Aikin da F-16 ya fi yi shi ne tare makamai masu linzami da Shahed a cikin gida, da jefa bama-bamai masu jagora kusa da bakin daga. Aiki ne mai amfani, yana rage wa Patriot nauyi, amma yana da haɗari fiye da yadda ake zato. Gudun Shahed bai kai gudun da F-16 ke sauka da shi ba, ka bi shi cikin dare ƙasa-ƙasa, ka harbe shi a kusa, tarkacensa na iya shiga injinka. Ranar 26 ga Agusta 2024, makonni uku da nuna jiragen, Yukren ta rasa na farko tare da matuƙinsa Oleksii Mes yayin tare wani babban hari, kuma bayan kwana huɗu aka sauke kwamandan rundunar, Mykola Oleshchuk. Jirgi ana iya samo wani. Matuƙin da ya iya Turanci, ya san yaƙi, aka kashe shekara ana horar da shi, ba a sayo shi a kasuwa. A ganina waɗanda suka tallata F-16 a matsayin maganin-a-sha-yanzu sun zalunci matuƙan nan, domin sun ɗora musu abin da jirgi ashirin ko talatin ba za su taɓa iyawa ba.

Inda Yukren ta fi cin riba

Tun da ba ta iya kama jiragen Rasha a sama, sai ta bi su inda suke kwana, ta kuma nemi idanunsu. A-50, jirgin nan mai faifan rada a bayansa wanda ke hango masu tafiya ƙasa-ƙasa daga sama, Rasha ba ta da su da yawa, kuma ta rasa biyu a Janairu da Fabrairun 2024. Injiniyoyin Yukren da na ƙawayenta sun ɗaura HARM na Amurka a kan MiG-29, suka ɗaura Storm Shadow, makami mai linzami na Birtaniya, a kan Su-24, haɗin da a takarda ba ya yiwuwa. Ni da na san wahalar sa waya ɗaya ta yi magana da wata a jirgi, na cire musu hula. Da haɗin Storm Shadow ɗin aka daki jirgin ruwa da jirgin ƙarƙashin teku a tashar gyara ta Sevastopol a Satumbar 2023, bayan an riga an nutsar da Moskva, babban jirgin ruwan yaƙin Rasha, a Afrilun 2022. Ƙasar da kusan ba ta da rundunar ruwa ta sa Rasha kwashe yawancin jiragenta na Bahar Aswad zuwa Novorossiysk.

Mafi ban mamaki shi ne na 1 ga Yuni 2025. Hukumar tsaron Yukren ta ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙi 117 a rufin wasu ɗakunan katako, aka ɗora a manyan motoci, direbobin haya suka kai su kusa da sansanonin jirage ba tare da sanin abin da suka ɗauko ba. Rufi ya buɗe, jirage suka tashi. Har sansanin Belaya da ke Saiberiya, sama da kilomita 4,000 daga Yukren, bai tsira ba. Yukren ta ce ta taɓa jirgi 41, jami'an Amurka suka ce wajen 20, kimanin 10 sun ƙone ƙurmus. Ko ƙaramin adadin ka ɗauka asara ce mai ciwo, domin Tu-95 da Tu-22M3 an daina ƙera su tun farkon shekarun 1990. Suna tsaye ne a fili fetal, wasu an jera musu tayoyin mota a kan fuka-fuki.

To jirgi mai matuƙi ya tashi daga aiki? Ban yarda ba. Ƙaramin jirgi mara matuƙi ya mallaki sama ta ƙasa-ƙasa, daga kan bishiya zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci, har ya zama mota ba ta iya motsi da rana cikin kilomita 10 zuwa 15 daga bakin daga, wasu ma da siririyar wayar gilashi ake tuƙa su don kada a toshe musu sigina. Amma kilo biyu ko uku yake ɗauka. Mai kai tan ɗaya da rabi har yanzu Su-34 ne. Kuma ka lura da Bayraktar TB2 na Turkiyya, irin wanda Najeriya da Nijar suka saya. A makonnin farko ya yi suna har ana yi masa waƙa a Yukren, da Rasha ta kakkafa makaman kariyarta sai aka daina jin ɗuriyarsa a bakin daga. Yana da kyau a inda abokin gaba ba shi da abin harbo shi, kamar dazuzzukanmu. Abin da ya kamata ya hana hafsoshinmu barci shi ne ɗaya gefen: ƙaramin jirgin kasuwa da aka ɗaura wa gurneti ya riga ya bayyana a hannun 'yan bindiga a yankin Tafkin Chadi da Sahel, kuma an ga abin da manyan jirage marasa matuƙi suka yi wa Port Sudan a Mayun 2025.

Yukren ma ba ta ɗauka zamanin matuƙi ya wuce ba. Ta karɓi Mirage 2000 daga Faransa a Fabrairun 2025, kuma a ƙarshen shekarar ta sa hannu a takardun niyyar sayen Gripen na Suwidin da Rafale na Faransa, Rafale har ɗari, Gripen ɗari ko fiye. Takardar niyya dai ba jirgi ba ce, kuɗi da shekaru suna gaba. Gripen ne ya fi burge ni, domin an tsara shi ya sauka a kan titin mota, mutum biyar ko shida su zuba masa mai da makamai ya sake tashi. Amma ina tausaya wa mai kula da sito. MiG da Sukhoi iri uku, ga F-16, ga Mirage, in an ƙara waɗannan biyun, kowanne da injinsa, da littafinsa, da kayan gwajinsa. Notin jirgin Sobiyet da milimita ake auna shi, na F-16 da inci, ko sifanar ma ba ɗaya ba ce.